Yadda Muka Gano Ciwon Rediyon Da Muka Haɗa

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanku kun ga akwatin nan da ke ɗakin kimiyya, kuna tambaya ko yana magana. Yana yi, amma sai da ya ba mu wuya. Ina so in bayyana muku hanyar da muka bi, domin gobe ku ne malamai, yara kuwa za su kawo muku abin da ya ƙi aiki.

Wannan rediyo ba irin na gida ba ne. Yana karɓa, yana kuma aikawa, da ƙwanƙwasa irin ta tangaraho, a zangon mita 40, watau wajen megahaz 7. A warwatse ake sayensa, mutum ya haɗa da hannunsa. Sana'ar ta daɗe: kamfanin Heath na Amurka ya fara sayar da irin waɗannan kaya a 1947, bai bari ba sai 1992. Na wancan zamani masu kwalabe ne, lantarkin cikinsu yakan kai bolt ɗaruruwa, yana kisa. Namu bolt 12 kaɗai yake ci. Kuɗin ƙungiyarmu na shekara guda muka zuba a kai, ni kuma aka ba aikin dalma.

Mako uku muna aiki da maraice. Ran da muka gama, muka jona batir, na sa abin ji a kunne. Shiru. Abokina ya ɗauki sukundireba zai fara murɗa 'yan kusoshin daidaitawa. Malaminmu ya riƙe hannunsa ya ce, "Kai samari, ajiye. In ka murɗa yanzu, ciwo ɗaya zai zama biyu, ba kuwa za ka san wanda ka jawo ba." Wannan shi ne babban darasin. Gyara daban, daidaitawa daban, kuma gyara ne ke gaba.

Da fari muka cire batir muka duba da ido, da gilashin ƙara girma, ko akwai abin da aka sa a juye, ko dalma ta haɗe ƙafa biyu. Ba mu ga kome ba. Sa'an nan muka sa mita a tsakanin batir da rediyo. Yana jan mili'amfiya 120, abin da takardar ta ce ke nan. Da ya ja fiye da haka ƙwarai, da sai a kashe nan take. Ƙaramin abin da ke rage bolt 12 zuwa 5 shi ma yana aikinsa.

To, daga nan Malam ya koya mana dabarar da na fi so. Ya ce a fara daga kunne a yi baya. Na taɓa mashigin sashen ƙara murya da bakin sukundireba, sai na ji "buuu". Ashe wannan sashe lafiyarsa lau. Muka yi ta matsawa baya, sashe sashe, har muka zo wurin da taɓawa ba ta ba da kome. Nan akwai wani ɗan zobe da na naɗa wa waya da hannuna.

Wayar naɗi tana da fenti siriri a jikinta, wanda lantarki ba ya ratsawa. Dole a kankare shi, ko a ƙone shi, kafin a sa dalma. Ni na kankare ƙafa uku na manta ta huɗu. Abin haushi, dalmar ta zauna a wurin tana sheƙi, ko wa ya gani sai ya ce aiki ya yi kyau. Mita ce ta tona: muka ɗora ta a wuraren dalma biyu, ta nuna babu hanya. Kwana biyu ina zargin masu kayan a zuciyata, ashe laifin nawa ne. Na riƙe ƙarfe mai zafi a kan ƙafar wajen daƙiƙa 10 har fentin ya ƙone, na ƙara dalma. Muna jona batir sai ga shuuu a kunne.

Yanzu ne aka zo kan daidaitawa. A ƙofar shigar sigina akwai tankaɗe mai barin zangonmu ya wuce, ya tare saura. Ana sa masa sigina ƙarama, a murɗa kusarsa a hankali da abin roba, domin ƙarfe yakan karkatar da awo. Ana neman inda ƙara ta fi ƙarfi. Ku lura da wannan: lalle ƙarar ta hau sa'an nan ta sauko. In tana ta hawa har faifan kusar suka buɗe sarai, ba a sami wurin ba tukuna, naɗin ne ya yi yawa. Haka namu ya yi. Na warware zagaye ɗaya, sai wurin ya faɗo tsakiya.

Sashen aikawa ba a gwada shi da eriya, ba a kuma danna makunninsa babu kome a jone, don transistocin ƙarshe sai su ƙone. Ana yi masa eriyar ƙarya mai om 50. Ga lissafin da za ku iya ba 'yan aji: rizista 20 masu om 1000, in an jera su kafaɗa da kafaɗa, 1000 a raba 20, om 50 ke nan. Muka auna ƙololuwar lantarki a kanta, bolt 20. A ninka 20 da 20, a raba da 100, ya ba da wat 4. Takardar ta ce wajen 5. Abokina ya so mu matsa, Malam ya ce wat ɗaya ba abin da na can nesa zai bambance ba ne, mu bar shi haka.

Har yanzu sauraro kaɗai muke yi, gama aikawa sai da lasin na hukuma. Alamar kiran masu wannan aiki a Nijeriya da 5N take farawa. Da dare mukan ji tashoshin Turai suna ƙwanƙwasa, sai dai sun fi kunnenmu sauri. Wanda ke son koyon haruffan tare da mu, ya zo ɗakin kimiyya ran Laraba bayan la'asar, da fensir da takarda.