Darasin Lafiya: Ƙofar da Maiƙo Ke Bi Daga Hanji Zuwa Jini

'Yan'uwa, duk wanda ya bi ta Unguwar Sarki a Kaduna da yamma zai ji ƙamshin tsire da kayan ciki. A ƙauye ma, ranar kasuwa ko biki, haka abin yake. To, ina maiƙon nan yake zuwa bayan mun haɗiye?

Akwai wani irin maiƙo da likitoci ke kira kolestarol. Jiki yana bukatarsa, amma idan ya yi yawa a jini yakan taru a jikin hanyoyin jini har su tsuke. Daga nan sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ba ya yin zafi, kuma siriri ma yana iya samunsa.

Abin mamaki shi ne, yawancin kolestarol da ke cikin hanji ba daga abinci ya fito ba. Hantarmu ce take yin sa, ta zubo shi cikin hanji tare da ruwan matsarmama. Can yake haɗuwa da na ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda da gwaiduwar ƙwai da muka ci. Ƙaramin hanji ya tsotse kusan rabi ya mayar cikin jiki, sauran ya fita da bayan gida.

A 2002 aka amince da wani magani a Amurka mai suna ezetimibe, wanda ke hana wannan tsotsa. Sai a 2004 masu bincike suka gano ƙofar da ke bangon hanji, mai suna NPC1L1, aka kuma tabbatar daga baya cewa ita maganin yake toshewa. Ƙwaya ɗaya a rana takan rage mugun kolestarol da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A 2015 aka fitar da sakamakon gwaji a kan masu ciwon zuciya fiye da 18,000. Cikin shekara bakwai, kimanin 35 cikin 100 na masu shan simvastatin kaɗai sun sake samun matsala ko sun rasu. Waɗanda aka haɗa musu da ezetimibe kuwa, kimanin 33. Ragin kaɗan ne, amma rayukan mutane ne.

Tukunyarmu ma tana da nata taimakon. Wake, kuɓewa da ganye suna riƙe wani ɓangare na maiƙon a hanji. Man gyaɗa da manja ba su da kolestarol, tunda daga tsiro suke, sai dai yawan manja, man shanu da kitse yana sa shi ƙaruwa a jini.

Gwajin jini ne kaɗai ke nuna yawansa, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Kada a sayi maganin a kemis don wai maƙwabci yana sha. Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai ciwon hanta su gaya wa likita tun kafin ya rubuta.