Darasi: Yadda Ake Ɗaura Sakatar Murfin Ƙaramin Jirgin Sama da Daidaita Ta

Wasu matasa sun fara ƙera ƙananan jirage da soso da gwangwani, suna koyo daga bidiyon YouTube. Yawancinsu injin da fukafukai suke mayar wa hankali. Darasin yau kan wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tsawon yatsa ba, wato sakatar da ke riƙe murfin da ke saman kan matuƙi.

Jirgin haɗin gida ba baƙo ba ne a nan

A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da sarrafa abubuwa a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic, ya tashi da shi ƙafa 7 daga ƙasa. Kafin shi, jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Najeriya mai suna Air Beetle a Kaduna aka haɗa shi, kuma asalinsa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, wanda mutane ke sayen sassansa su haɗa a garejinsu. Irin wannan jirgi yana zuwa da murfi iri biyu: mai ɗagawa sama, da mai zamewa baya kamar tagar alminiyam. Na biyun za mu duba.

Yadda yake aiki

Murfin roba ce mai kama da gilashi, an ɗora ta a kan firam na ƙarfe. Gabansa yana da ƙananan tayoyi biyu masu gudu a layi, ɗaya dama ɗaya hagu. Bayansa yana da fil biyu da ke shiga ramukan wasu tubalan roba mai tauri. A tsakiyar gaba, daga sama, akwai mariƙi mai ƙugiya. Idan ka juya shi, ƙugiyar ta kama wani fil da ke jikin bakan ƙarfen da ke riƙe gilashin gaba, ta jawo murfin gaba.

Ka lura da wannan: ƙugiyar tana ja gaba ne, fil ɗin baya su ne ke hana murfin ɗagawa. Idan ƙugiyar ba ta ja sosai ba, fil ɗin ba za su nutse cikin ramukansu ba.

Me ya sa abin yake da haɗari?

Iskar da ke bi ta saman murfi mai lanƙwasa tana tsotsarsa sama, kamar yadda take yi wa fiffike. Mu ɗauka jirgi yana gudun kilomita 250 a awa. Matsin iskar ya kusa paskal 2,900. Ko kashi ɗaya cikin uku ne ya zama tsotso, murfi mai faɗin murabba'in mita ɗaya zai ji jan kusan kilo 100, nauyin babban buhun masara ke nan. Murfin da ya motsa ana cikin tashi yana ɗauke hankalin matuƙi a lokacin da jirgi yake kusa da ƙasa, wurin da babu damar gyara kuskure.

Matakan ɗaurawa

1. Fara da layukan gefe. Su kasance daidai wa daida, tazararsu ɗaya daga gaba har baya. Manhajar awon karkata ta wayarka za ta nuna maka ko ɗaya ya fi ɗaya tudu, amma tazarar da tef za ka auna.
2. Tura murfin da hannu har ya rufe ba tare da sakata ba. Idan sai ka yi kokawa da shi, matsalar firam ce. Kada ka sa sakata ta gyara firam ɗin da ya karkace.
3. Daidaita tubalan baya, fil biyun su shiga lokaci guda.
4. Yanzu ɗaura mariƙin. Bar ƙugiyar da ɗan kauri fiye da yadda ake buƙata.
5. Shafa maka a cikin bakin ƙugiyar, ka rufe, ka buɗe. Inda tawadar ta goge nan take gugar fil. Ci wurin da magagari kaɗan, ka sake gwadawa. Ƙarfen da ka cinye ba ya dawowa.
6. Tsaya idan mariƙin yana ɗan tauri a tsakiyar juyi sannan ya faɗa mazauninsa ya zauna. Wannan zaman shi ke hana girgizar inji kwance shi.

A rubuta manhaja akwai ƙa'idar canza abu ɗaya sannan a gwada. Haka nan ma: idan ka taɓa ƙugiya da tubalan baya a tare, ba za ka san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Zafi da ƙurar Arewa

Robar murfi tana buɗewa da zafi kusan ninki uku na alminiyam, ninki shida na ƙarfe. Mita ɗaya na robar yana ƙara kusan milimita 1.4 idan zafi ya hau da digiri 20. Sakatar da ka daidaita da sanyin asubar hunturu za ta iya cijewa da azahar a watan Afrilu. Saboda haka ka gwada ta a lokutan biyu, ka kuma faɗaɗa ramukan kusoshi a jikin robar don kada ta tsage. Kada ka cika giris a layukan, ƙurar hunturu za ta manne ta koma kamar yashi. Busasshen man shafawa ya fi.

Gwajin ƙarshe

Saka tsinken takarda tsakanin murfi da baka a wurare da dama, ka kulle, ka ja. Inda ta zare cikin sauƙi akwai giɓi. Ajiye waya a ciki tana ɗaukar bidiyo, wani ya tura murfin sama daga baya, ka ga ko fil ɗin suna motsi. Sannan ka tabbatar ana iya buɗewa da hannu ɗaya daga ciki, da kuma daga waje, domin mai kawo ɗauki.

Mai ƙera jirgin soso na rimot ma wannan darasin ya shafe shi: fil a gefe ɗaya na murfin batir, sakata ko maganaɗisu a ɗaya gefen. Wanda kuma yake shirin jirgin da zai ɗauki mutum, ya nemi injiniyan jirage ya duba aikinsa, ya kuma samu izinin hukumar NCAA kafin ya bar ƙasa.