Ɗaukar Hoto Da Waya

Yara, a zamanin kakanninku hoto ba abin kullum ba ne. Sai da Salla, ko ranar biki, mutum zai ci ado ya tafi wurin mai hoto, ya zauna bisa kujera ya ƙame, ba motsi. Can da farko ma abin ya fi haka wuya. Wajen shekarar 1826 wani mutumin Faransa, wai shi Niépce, ya ɗauki hoto ta tagar gidansa, sai da akwatin hotonsa ya yi awa takwas ko fiye yana fuskantar waje kafin surar ta kama.

Yanzu kuwa zamani ya sake. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001, daga baya aka samu mai ɗaukar hoto. Yau ko a Kankiya, bisa hanyar Kano zuwa Katsina, ko a Kusada maƙwabciyarta, gidaje da yawa suna da irinta. Amma mallakar alƙalami ba shi ne iya rubutu ba. Haka waya take, sai an koya.

Hoton da ya fi daɗin kallo shi ne na mutum yana cikin aikinsa, ba wanda aka tsai da shi ya gyara hula ba. Ku duba kewayenku. Ga maƙeri yana zuga, ga manoma suna ɗaure dammunan gero da kaka, ga yara suna kora awaki kiwo, ga tsohuwa tana kaɗi da mazari.

In babbanku ya ara muku waya, ku kiyaye abu huɗu. Na ɗaya, ku goge idon wayar da tsumma mai laushi, don ƙura da maiƙon hannu su ke sa hoto ya yi hazo. Na biyu, ku lura da haske. Rana ta kasance bayanku ko gefenku, gama in kun fuskance ta, fuskar mutum sai ta fito baƙi ƙirin. Hasken hantsi da na la'asar sun fi na tsakar rana kyau. Na uku, ku riƙe wayar da hannu biyu, ku manne gwiwoyin hannu da jiki. Dalili kuwa, in haske ya yi kaɗan, idon wayar yakan daɗe a buɗe, motsi kaɗan sai ya ɓata hoton. Na huɗu, ku matsa kusa, ku yi haƙuri ku jira. Kada ku latsa sai guduma ta sauka bisa ƙarfe.

Saura abu guda, shi ne ya fi duka, watau ladabi. Kada ku ɗauki hoton kowa a ɓoye. Ku yi sallama, ku ce, "Baba, ka yarda in ɗauke ka kana aiki?" In ya yarda, ku ƙyale shi ya ci gaba har ya manta da ku. In ya ƙi, ku yi godiya ku wuce. Wanda ya yi haɗari a hanya, ko marar lafiya, taimako ya ke bukata, ba hoto ba. Ku tuna, hoton da aka tura wa jama'a kamar magana ne, zarar bunu ce, ba ya komowa.

Me ya sa za ku yi wannan wahala? Domin abin da ku ke gani kullum ba zai dawwama ba. Wata rana za a nemi mai kaɗi da mazari a rasa. Ranar nan jikokinku za su tambaye ku yadda kakarku ta ke, ku kuwa ku nuna musu. Gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Don me a ke goge idon waya?
2. Ina ya kamata rana ta kasance?
3. Hoton wa bai kamata a ɗauka ba?
4. Faɗi sana'a uku na garinku da ka ke so jikokinka su gani.