Zurfafa Ilmin Ƙididdiga Bayan Digirin Farko

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, idan aka tambayi yawancinmu abin da muke so mu zama, sai ka ji likita, ko lauya, ko injiniya. Da wuya ka ji mai cewa masanin ƙididdiga. Dalili ke nan da na ga ya dace in yi ɗan bayani a kan wannan fanni, da hanyar da ake bi har a ƙware a cikinsa.

Da farko, mene ne ƙididdiga? Ilmi ne na tattara alkaluma, da tsara su, da fitar da hukunci daga cikinsu. Uwargida ba ta shanye tukunyar miya don ta san ko gishiri ya ji. Motsawa take yi, ta ɗebi kaɗan ta ɗanɗana. To, haka masanin ƙididdiga yake yi wa jama'a: ya ɗebi samfur, ya gane halin saura. Sai dai in ba a motsa miyar ba, ɗanɗanon zai yaudari mai girki.

Ga misali daga Amurka. A shekarar 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta tara amsoshin mutane fiye da miliyan 2, ta ce Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa. George Gallup kuwa, da mutane wajen 50,000 kawai, ya ce Roosevelt ne, kuma Roosevelt ɗin ya ci. Kuskuren mujallar shi ne ta ɗebo sunaye da yawa daga cikin masu tarho da masu mota, ta bar talakawa a baya. Ashe yawan samfur ba ya maganin mugun zaɓi.

A nan gida ma mun ga illar alkaluman da ba a yarda da su ba. An soke ƙidayar jama'a ta 1962, aka sake wata a 1963 wadda ta ba da mutum miliyan 55.6, ita ma aka yi ta gardama a kanta. Ta 1973 kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. A 1991 an sami miliyan 88.9, a 2006 kuma miliyan 140. Ƙasar da ba ta san yawan 'ya'yanta ba, yaya za ta san ajujuwa nawa za ta gina, ko allurar rigakafi nawa za ta saya?

Yanzu sai mu dubi hanyar karatun. Tushenta yana nan ajinmu, wato lissafi. Wanda ya ci jarrabawar fita sakandare da kyau a lissafi da Turanci, ya kuma haye ta shiga jami'a, zai yi shekara 4 kafin ya sami digirin farko. Ana koyar da fannin a jami'o'i irin su Ibadan, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano. Bayan bautar ƙasa sai digiri na biyu, wanda kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya karanta wani fanni dabam, kamar tattalin arziki ko aikin gona, yakan fara yin babbar difloma ta shekara ɗaya. Digiri na uku, wato na dakta, ba ya kasa shekara 3.

Wani zai ce, digirin farko bai isa ba? Digirin farko yana koya wa mutum amfani da dabarun da wasu suka tsara. A na biyu ne zai san dalilin da ya sa dabarar take aiki, da lokacin da take yin ƙarya. Zai zurfafa a lissafin yiwuwa, da tsarin ɗaukar samfur, da tsara gwaji, da sarrafa manhajojin kwamfuta irin su R da SPSS. Zai gane, alal misali, cewa samfurin mutum 1,000 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a yakan bar kuskuren kashi 3 cikin 100, kuma in ana so a rage kuskuren da rabi, sai an ninka samfurin sau huɗu, ba sau biyu ba. Daga ƙarshe zai rubuta kundin bincike na kansa, ya kare shi gaban malamai.

Wurin aiki kuwa ba ya wuya. Akwai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da Hukumar Ƙidayar Jama'a, da bankuna, da asibitoci, da cibiyoyin binciken noma irin ta Samaru, inda ake gwada iri da taki kafin su isa hannun manomi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana, maza da mata, mu daina gudun darasin lissafi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma iyayenmu, idan ɗanku ya ce zai koma karatu bayan digirin farko, ku yi haƙuri ku tallafa masa, mahaƙurci mawadaci. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.