Idan yaro ya karye a hannun mataimakin metir, wa zai biya?

Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya dawo daga Rio da lambar azurfa a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017, wasan tekwando ya samu wata daraja a idon iyaye a Nijar. Kafin shi, lambar Olamfik ɗaya tal ƙasar ke da ita, tagullar da ɗan dambe Issaka Daboré ya ci a Munich a 1972. Sai dai a tarihin Alfaga akwai wani ɓangare da masu murna kan tsallake: yana ƙarami mahaifinsa ya hana shi wasan, domin wani ɗan'uwansa ya rasu sakamakon raunin da ya ji a wasan. Rauni abokin tafiyar wannan sana'a ne, kuma mu da ke aikin inshora abin da ke damunmu shi ne wanda nauyin ke faɗawa kansa bayan an ji raunin. A makarantun kareti, tekwando da kunfu na garuruwa irin Tasawa da Mayahi, sau da yawa mataimakin metir (malamin wasan) ne, mutumin da ya fi kowa rashin abin biya.

Dubi yadda ake tafiyar da waɗannan makarantu. Da wuya a samu metir da koyar da wasan kaɗai ke ciyar da shi. Malamin makaranta ne, ko ma'aikaci, ko ɗan kasuwa, kuma yau yana gari, gobe yana Maraɗi ko Damagaram. Idan ba ya nan, babban ɗalibinsa ke riƙe yara, shi ke haɗa su biyu-biyu, shi ke cewa wane ya kara da wane, shi ke yanke hukuncin ko yaron da ya faɗi ya tashi ya ci gaba ko ya zauna. Ana yin haka a filin makaranta ko a gidan matasa, sau tari a kan siminti ko ƙasa mai tauri, ba katifar faɗuwa, ba hular kariya. Wannan matashi ba ya da albashi, balle a ce an yi masa rajista a asusun kula da ma'aikata na CNSS, ladansa bai wuce a yafe masa kuɗin wata ba. Amma ranar da ƙafar wani yaro ta sauka a wuyan wani, sunansa iyaye za su ji da farko, kuma shi jandarma za su fara tambaya.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Kundin dokokin farar hula na Nijar, wanda ya samo asali daga na Faransa, ya tanadi a ayoyi na 1382 da 1383 cewa duk wanda laifinsa, sakacinsa ko gangancinsa ya jawo wa wani cuta, wajibi ne ya biya. Aya ta 1384 ta ƙara da cewa ubangida na ɗaukar alhakin ɓarnar da yaransa suka yi a cikin aikin da ya sa su. Wasu metir kan karanta wannan su ce wa mataimaki ya kwantar da hankalinsa, ai nauyin na makaranta ne. Maganar na da gaskiya rabi. Makarantar da ba ta da rajistar ƙungiya, ba asusu, ba ko kujera da sunanta, me za a karɓa a hannunta? Idan kuma mataimaki ya tara yara a unguwarsu ranar da ba ranar atisaye ba, ba da izinin metir ba, ya fita daga inuwar ubangida, shi kaɗai ya rage. In bai kai shekarun da doka ta ɗauka na girma ba, maganar na iya kaiwa ga iyayensa, mutanen da watakila ba su taɓa taka filin ba.

Ga kuma nisa, wanda shi ke ninka kuɗin. Akwai asibitin gunduma a Tasawa da Mayahi, amma bugun kai ko karayar ƙashin baya sai an wuce gaba, kuma daga Tasawa zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100. Yaron da ya faɗi a Korgom, Urafan ko Kanembakashe, kafin ya ga likitan ƙashi an sha mai, an biya hoto, an ciyar da 'yan jinya. Kulawar kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce, ɗaliban kareti kuwa sun wuce nan. Shi ya sa da yawa ke ƙarewa a hannun maɗori, har da raunin da ya fi ƙarfin ɗori.

Inshorar alhaki an yi ta ne don wannan gurbi: kamfani ya tsaya a madadin wanda aka ɗora wa alhakin cutar da wani, ya biya diyyar da aka yanke iyakar abin da aka rubuta a yarjejeniya. Duk mai mota ya san irinta, domin dokar CIMA, tsarin inshora na bai-ɗaya da Nijar ta shiga tare da wasu ƙasashen Afirka bisa yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ta wajabta ta a kan ababen hawa. Faransa ta kai wajibcin har ga ƙungiyoyin wasanni, kuma dokarta ta ambaci ma'aikatan ƙungiya ƙarara, masu albashi da masu aikin sa-kai. Wannan ambaton shi ne ƙashin bayan maganata. Takardar da ta rufe "makaranta" ko ta rufe metir da sunansa kaɗai na iya barin mataimaki a waje, don haka a nemi a rubuta cewa mataimaka da 'yan sa-kai na cikin waɗanda aka rufe, a kuma rubuta cewa ɗalibai na iya neman diyya a junansu. Mai lasisin tarayyar wasansa kada ya ɗauka cewa lasisin ya ishe shi, ya nemi a nuna masa takardar da ta ce haka.

Wani zai ce kakanninmu sun yi kokawa da dambe ba su san inshora ba, kuma daga ƙasar Maraɗi Yacouba Kantou ya fito ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975. Haka ne, amma ɗan kokawa namiji ne da ya shiga fili da ƙafarsa, a kan rairayi, gari na kallo, ya san abin da ya tara. Yaro ɗan shekara 10 da uwarsa ta biya masa kuɗin wata amana ce aka damƙa wa makaranta. Wani kuma zai ce a nan ba mu kai juna kotu, a gaban mai unguwa ake sulhu a ce ƙaddara ce. Ina girmama wannan hali, kuma ina fata ya ɗore. Amma yafiya ba ta biyan kuɗin aikin tiyata. Idan iyaye suka yafe, su suka ɗauki asarar. Idan ba su yafe ba, gidan mataimaki ne zai sayar da akuya ko hatsin da aka ajiye don bazara.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na addini, kuma bai kamata a yi masa riƙon wasa ba. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci na ɗauke da garari mai yawa, amma a zama guda ta halatta inshorar taimakon juna, wato takaful, wadda Sudan ta buɗe wa kamfani na farko a 1979. CIMA ma ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2019. Tushen abin kuwa sananne ne ga duk wanda ya karanta Risala: diyyar kisan kuskure dangi ke haɗuwa su biya, wato aƙila, don kada ta murƙushe mutum ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kamfani ba, ya tambayi malaminsa, ya nemi takaful, ko makarantun gari su kafa asusu na haɗin gwiwa mai rubutattun sharuɗɗa. Barin mataimaki hannu rabbana dai ba ya cikin abin da malamai suka yi umarni da shi.

Dole kuma a faɗi iyakar abin, domin zargin da ake yi wa kamfanoni na ƙin biya sau da yawa daga nan yake tasowa. Inshorar alhaki ba ta biyan raunin da mataimakin kansa ya ji, ba ta kuma biya idan ba a samu kowa da alhaki ba. Wannan aikin inshorar haɗari ce, wadda ake haɗawa da ita don ɗalibai da masu koyarwa. Ba ta rufe wanda ya bugi yaro da gangan don horo, ba ta hana hukuncin laifi. A tsarin CIMA, sai an biya kuɗin inshora kariya ke fara aiki, alkawarin "zan kawo ranar kasuwa" ba ya cikin lissafi. Akwai wa'adin sanar da kamfani bayan haɗari, wanda doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba. Sannan abin da ya fi shafar mutanenmu: yarjejeniya na iya cewa duk sulhun da aka ƙulla ba da sanin kamfani ba, bai hau kansa ba. A kai yaro asibiti, a je gaida iyaye kamar yadda ya dace, amma kada a yanke kuɗi a zaure kafin an sanar da kamfani.

Kuɗin inshorar kuwa nauyin makaranta ne, a raba shi cikin kuɗin rajistar shekara, a faɗa wa iyaye dalili. Metir, kafin ka sake barin yara a hannun ɗalibinka, rubuta sunansa da ranakun da ka wakilta shi, ka tabbatar yana cikin takardar. Kai kuma ɗan'uwa mataimaki, ka nemi ganin takardar nan da idonka, cikin ladabi, tun kafin atisaye na gaba.