ZANGA-ZANGAR LUMANA: A INA ZA MU FARA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa daga Ƙaraye da Rogo suna ta tambaya: Malam, zanga-zanga halal ce ko haram?

Malamai sun yi saɓani. Wasu sun hana, suka ce ƙofar fitina ce, nasiha ga shugaba kuwa a asirce ake yin ta. Wasu suka ce wasila ce kawai, hukuncinta yana bin manufarta da abin da za ta haifar. Amma babu mai saɓani kan haramcin cin dukiyar al'umma. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka, ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) mimbari ya hau ya yi tir da wannan ɗabi'a a gaban jama'a. Shehu Usmanu ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin zalunci.

To mu duba abin da ya faru a birnin Kano. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Jama'a suka taru a shataletalen Silver Jubilee, har Kiristoci suna yi wa Musulmi gadi in za su yi sallah. An rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu, amma buƙata ɗaya ce kowa ya san ta, kuma lita ta dawo 97.

Ranar 1 ga Agustan 2024 fa? Wallahi yunwar gaskiya ce. Sai dai babu jagora tsayayye, ɓatagari suka shiga, aka wawashe cibiyar NCC, aka sa dokar hana fita. 'Ya'yan talakawa aka kwashe, har wasu yara suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja cikin Nuwamba. Ɓarawon gwamnati ko gezau bai yi ba.

Ni abin da nake gani, mu fara daga ƙofar gida. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma. Waye a cikinmu ya taɓa duba nawa aka rubuta wa Ƙaraye ko Rogo a wata guda? Limamai da dattawa da matasa su zauna, su zaɓi abu ɗaya, asibitin da ba magani ne ko ajin da ba rufi, su rubuta takarda, kowa ya sa hannu, su taka zuwa sakatariya da rana tsaka. Ba gora, ba ƙona taya, ba ƙananan yara. In ba a amsa ba, a koma wata mai zuwa da kwafin takardar farko.

Wallahu a'alam.