Kafin a kira 'yan gwangwan, a duba tsohon injin sassaƙa ƙarfe

Duk mai injin niƙa a Kunci ya san baƙin cikin karyewar shaf ana tsakiyar kaka. Gero da dawa sun shigo gida, yara sun jera kwanuka, inji kuwa ya yi tsit. Mai walda zai iya liƙe ƙarfen, amma ba shi da abin yanka gurbin da fuli ke kama shaf daidai da awo. Dole a nufi Bichi, in ba a dace ba a zarce Kano, a biya kuɗin mota, a rasa ciniki. Masu injin ban ruwa ma haka suke fama da rani.

Injin da ke yanka wannan gurbi shi ne milin, kuma gyaransa ita ce sana'ata. Ana ɗaure ƙarfe a kan tebur, tebur ya tafi hagu da dama, gaba da baya, wuƙa tana juyawa daga sama tana cin ƙarfen sannu a hankali. Da shi ake yanka gurbi, a daidaita fuskar ƙarfe, a fitar da haƙoran giya. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa sun yi aiki da irinsu, kuma da yawansu suka rufe, sai injinan suka koma hannun masu sayen ƙarfe da kilo. Samfurin Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938, nauyinsa ya kusa tan guda. Ɗan gwangwan nauyin nan kawai yake gani, kuma ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan. Mai injin ne ya kamata ya san abin da yake sayarwa.

Abin da ke mutuwa a jikin tsohon milin kaɗan ne: boris, bel, wayoyi, sai dogon sukurun da ke tura tebur da notinsa. Duk ana samun madadinsu. Gangar jikin kuwa zubin ƙarfe ce mai kauri, wadda ke shanye girgiza, kuma ita ce mai tsada. In ba ta tsage ba, in hanyoyin da tebur ke zamewa a kai ba su cinye sosai ba, tsatsar da ta rufe shi ba abin tsoro ba ce. Kananzir da haƙuri suna fitar da ita.

Yanzu matasa da dama suna tambayata a haɗa musu irin wannan inji da kwamfuta, abin da ake kira CNC. Ba sabon abu ba ne. Milin na farko da aka sarrafa da lambobi, wanda jami'ar MIT ta nuna a 1952, injin Cincinnati ne na yau da kullum aka yi wa kwaskwarima, yana karanta umarni daga tef mai huji. A yau ana cire hannuwan da ake juyawa, a sa wa kowane sukuru ƙaramin moto mai tafiya taki-taki, a haɗa da allon Arduino mai manhajar GRBL, ko tsohuwar kwamfuta mai LinuxCNC. Manhajojin biyu kyauta ne.

Ga inda ake asarar kuɗi. Irin wannan moto yakan yi taki 200 kafin ya zagaya sau ɗaya. In sukurun yana tura tebur milimita 5 a kowane zagaye, taki ɗaya milimita 0.025 ke nan, bai kai kaurin gashi ba. To amma in notin ya cinye har yana wasa da rabin milimita, duk lokacin da moto ya juya baya, taki 20 za su tafi a banza tebur bai motsa ba. Kwamfuta ta lissafa su, ta ɗauka an yi tafiya. Sai ka ce a yanka da'ira, a fito maka da abu mai kafaɗu. Ƙwararren ma'aikaci yana jin wannan wasa a hannunsa, ya san yadda zai ci da shi. Moto ba ya ji. Wasu manhajojin suna da wurin da ake rubuta girman wasan don su rama, sai dai sukuru ba ya cinyewa bai ɗaya: tsakiya, inda aka fi aiki, ta fi bakin cinyewa, lamba ɗaya ba za ta dace da ko'ina ba. Shi ya sa nake cewa a fara da agogon awo, a gyara hanyoyin tebur, a canza sukuru zuwa mai 'ya'yan boris a cikin noti, sannan a yi maganar waya da allo. Wanda ya fara da sayen moto ya yi gini a kan rairayi.

A wuri kamar Kunci akwai ƙarin abu biyu. Motocin waɗannan injina galibi wuta mai layi uku suke so, don haka sai an nemi na'urar VFD da za ta mayar da layi ɗaya uku, kuma allon da kwamfutar su zauna a kan batir da sola, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, inji ya manta inda yake. Sai ƙurar hunturu. In ta haɗu da man da ke kan hanyoyin tebur, ta zama abin goge ƙarfe. A rufe hanyoyin, a rufe akwatin lantarki, a sa maɓallin tsayarwa na gaggawa inda hannu zai kai ba tare da laluba ba.

Ni a ganina ma, ba kowane shago ke bukatar kwamfuta ba. Mai yanka gurbin shaf ɗaya yau, ya daidaita fuli gobe, hannu ya ishe shi. Kwamfuta tana biyan kuɗinta ne in za a fitar da abu iri ɗaya da yawa, ko siffa mai lanƙwasa da hannu biyu ba za su iya bi tare ba.

In akwai irin wannan inji a shagon mahaifinka ko a ɗakin koyon sana'a na wata makaranta, kada a bar shi a ruwa, kada a gwada kunna shi kafin a duba wayoyinsa. A shafa mai a duk inda ƙarfe yake tsirara, a lulluɓe. A tattara mariƙan wuƙaƙe da matsen tebur da sifanoninsa a akwati guda a kulle, domin su ake fara ɗauka, kuma neman wanda ya dace da tsohon samfuri a Kofar Ruwa yakan fi gyaran injin kansa wahala.